Launin Da Babu Shi A Gwangwani

Ranar Laraba da hantsi Kausar ta zaunar da mahaifiyarta a bakin gadon igiya, ta jawo kwanon lalle gabanta.

"Iya, miƙo hannun."

"Ni da rabona da lalle tun da babanku yar rasu? Mi mutane za su ce?"

"Ba mai cewa komai. Kowa ya san jibi muna da baƙi."

Iya Sabah ta miƙa. Kausar ta juya tafin hannun, sai ta ɗan kau da kai. Hannu ne da farar ƙasa ta shekara ashirin tana ci, duk ya tsattsage, kuma a cikin kowace tsaga akwai wani ja-ja da sabulu ya gaji ya ƙyale. Ba don kwalliya ake wannan lalle ba, don a ɓoye hannun ne. 'Yar ta sani, uwar ma ta sani, amma babu wadda ta faɗa.

A ƙauyensu da ke bakin kogi, kudu da Mai Wurno a ƙasar Sudan, in ka ce Sabah mai yaɓe kowa zai nuna maka gidan. Kafin damina ita ke kwaɓa ƙasa da kashin jaki ta yaɓe wa mutane bango don kada ruwa ya cinye shi. Aiki ne mai wari, ba a yin sa da tufafin kirki. In biki ya matso kuwa, ko Salla, sai a kira ta shafen ɗaki, kuma a nan gwanintarta take. Takan jira kogi ya janye, ta sauka gaɓa ta haƙo wata jar ƙasa da ita ta san wurinta, ta tankaɗe, ta haɗa da farar ƙasa da ruwan ƙaro, ta rufe kwana uku. In ta shafa da tsumma ya bushe, sai ka ga wani launi mai taushi, ba ruwan goro ba, ba ruwan hoda ba, kamar cikin gwanda da ta fara nuna. Ɗaki ko na talaka ne, in ya sha wannan shafe sai ka ji kana son zama a cikinsa.

Da wannan sana'a Kausar ta yi karatu har ta samu aiki a wani kantin magani a Sinnar. Jikin kantin akwai shagon buhya, wato fenti, kuma mai haɗa launi a shagon shi ne Mujtaba. Saurayi ne mai sanyin magana, farcensa kullum da kala. Abin ya fara daga sayen maganin mura, mura ta warke bai daina zuwa ba.

Wata rana ya ga hotonta a waya, tana zaune a ɗakin Iya. Maimakon ya yabi fuska, kamar yadda samari masu hankali ke yi, sai ya ƙura wa bango ido.

"Wannan launin khokhi ɗin na wane kamfani ne? Ina da khokhi kala shida a shago, babu irinsa."

Amsar gaskiya ba ta fi kalma huɗu ba: Iya ce ta haɗa. Amma Kausar ta tuna gidansu Mujtaba na siminti ne, mahaifinsa tsohon ma'aikacin madatsar ruwa, 'yan'uwansa mata Larabci suke yi ko a tsakar gida. Ta tuna warin kashin jaki a zanen Iya. Sai ta ji bakinta ya ce, "Wani mai fenti ne daga nan Sinnar ya yi mana. Ban riƙe lambar gwangwanin ba."

"Khalas, shi ke nan, ni zan nemo shi," in ji Mujtaba. "Ɗakin da zan saka ki, wannan launin zai sha."

Daga nan ƙarya ta yi 'ya'ya. Da ya tambayi sana'ar Iya, aka ce ɗan saye da sayarwa. Da ya nemi lambar mai fentin, aka ce ya yi tafiya. Kusan wata uku ana haka, shi kuwa bawan Allah duk ranar Juma'a yana can ɗakin da ya gina a gidansu, yana gwada haɗi a bango.

Yanzu ga shi mahaifiyarsa, Hajja Rukayya, za ta zo ganin gida.

Kausar ta gama naɗe hannun Iya da leda, ta yi ƙasa da murya.

"Iya, in ta tambayi wanda ya shafe ɗakin nan, ki bar ni in amsa."

Iya ta dube ta, ta dubi bangon. "To."

"Kuma maganar yaɓe kada ta taso."

"To, ɗiyata."

Da Iya ta yi faɗa, da abin ya zo wa Kausar da sauƙi. Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi. Amma kunyar mutanen birni ta riga ta rufe mata ido, sai ta tashi ta kwashe bokitai da tsummokara da rariya ta cusa su bayan akurkin kaji.

Ranar Juma'a bayan la'asar raksha mai ƙafa uku ta sauke Hajja Rukayya. Doguwar mace ce mai farin tob na lulluɓi, ba ta da yawan murmushi. Iya ta yayyafa wa ƙasan ɗaki ruwa kamar yadda ta saba in za a yi baƙi, aka kunna turaren wuta, aka kawo gahawa a jabana, da dabino. Aka gaisa, aka tambayi gona, aka tambayi kogi.

Hajja ta kurɓi gahawa sau biyu, sannan ta ajiye finjalin. Ta miƙa hannu bayanta ta shafi bango a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ta dubi yatsunta, ba abin da ya kama su. Ta kai su hanci.

"Wa ya yi shafen ɗakin nan?"

Iya ta sunkuyar da kai, hannuwanta biyu a cikin mayafi.

"Mai fenti ne daga Sinnar, Khala," in ji Kausar, wato inna da Larabci. "Buhya ce."

"Buhya." Hajja ta maimaita, ba Kausar take kallo ba, Iya take kallo. "Haka ne, 'yar'uwa?"

Iya Sabah ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya tona ɗiyarta ba. Can ta ce, "Ƙara gahawa, Hajja. Tana hucewa."

Hajja ba ta ƙara ba. Ta yi ɗan zama na ladabi, ta miƙe. A bakin ƙofa ta kama hannun Iya don sallama, sai ta riƙe shi fiye da yadda ake riƙewa, babban yatsanta yana bin tsagar tafin nan da lalle ya kasa cikewa. Kausar kuwa, kai kawai Hajja ta ɗaga mata.

Kwana biyu Mujtaba bai leƙo kantin magani ba. Ran na uku da azahar ya zo ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"In kin tashi, ki biyo ta shago."

Ta same shi shi kaɗai a cikin gwangwanaye. Ya ciro wayarsa ya nuna mata hoton wani bango mai tabo-tabo, kowane tabo da lamba a ƙasansa da fensir, daga ɗaya har goma sha ɗaya.

"Kin ga wannan? Duk Juma'a ɗaya. Na ƙara ja, na rage ja, na sa rawaya, na cire. Har garin Madani na je neman lambar da babu ita a duniya."

"Mujtaba, malesh, yi haƙuri ka saurare ni."

"Yumma, mahaifiyata, ta ce a dakata da maganar."

"Saboda Iya mai yaɓe ce, ko? Na san haka za a yi. Shi ya sa na ɓoye."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ke har yanzu ba ki gane ba. Ni mene ne? Mai shafa wa mutane bango ne, gwangwani kawai ya raba ni da Iya. Yumma ba ta ce uffan a kan sana'a ba. Cewa ta yi, yarinyar da za ta ƙaryata hannun uwarta, uwar na zaune, ita ba ta san me za ta yi mata ba ranar da ta tsufa ta zama abin kunya."



"Ina sonki, wannan bai canza ba," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Amma na tsaya gaban Yumma zan kare ki, na rasa ta inda zan fara."

Kausar ba ta san yadda ta hau hafila, motar haya, ba. Tun daga Sinnar har mararrabar ƙauye ta lulluɓe fuska da gyale, tana jin kamar duk wanda ke cikin motar ya ji abin da aka faɗa mata. Tana ta shirya yadda za ta gaya wa Iya, wai don kada ran tsohuwa ya ɓaci. Ba ta san labari ya riga ta isa ba, domin kawunta Bilyamin, wanda aka aika wa saƙon dakatarwar, tun safe ya zo ya faɗa.

Tun daga zaure wani wari ya tare ta, warin da ta saba ji a shagon Mujtaba. Ta ɗaga labulen ɗaki.

Iya na tsaye a kan turmi da buroshi a hannu, ga ƙaramin gwangwanin shuɗiyar buhya irin wadda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Rabin bangon gabas ya riga ya tafi. Shuɗin ya yi dabbare-dabbare, ƙasar bangon ta shanye shi a wani wuri ta tofar da shi a wani, yana gangarowa a kan launin nan mai taushi.

"Iya, me kike yi?"

"Ita ɗai ta rage ga shagon ƙauye, ba su da wata kala." Iya ta ci gaba da shafawa ba ta juyo ba. "Matar nan ta shinshina bangon ga, ta gane ƙasa ce. Laihina ne, da ban yayyahwa ruwa ba da bai yi ƙamshi ba. In sunka dawo su iske buhya ta gaske. Na kuma aika ma gidajen da ke jirana su nemi wani, na bar yaɓe har a ɗaura. Abu guda nike so ki koya mani, sunan mai hwentin nan. In anka sake tambayata in san abin da zan ce, kada in ba ki kunya."

Wannan matar da ko a ciniki ba ta rantsuwa, yau ita ce ke roƙon a koya mata ƙarya, kuma ita ke ɗaukar laifi. Kausar ta taka ta riƙe hannun da ke da buroshin.

"Iya, ki sauko."

"Bari in ƙarasa wanga gefe."

"Don Allah ki sauko. Ba bangonki suka ƙi ba, ni suka ƙi."

Ta durƙusa a gindin turmin ta faɗi komai, tun daga hoton waya har zuwa abin da Hajja ta ce, kuka na yanke mata magana. Ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba. Ta ce, "Na ji kunyarki, Iya. Na ji kunyar hannunki, alhali da shi na ci, da shi na yi karatu. Ki yafe mini."

Iya ta sauko ta zauna a kan turmin. Ta daɗe tana kallon shuɗin nan.

"Na sani tun ran da kinka hana ni rako ki tasha," ta ce. "Nac ce yarinta ce, za ta wuce. Tashi, na yahe maki. Amma kin sa na ɓata bango, kuma buhya ba ta hita da kuka. Sai an kankare."

Washegari Kausar ba ta je aiki ba. Da kanta ta zaro bokitai daga bayan akurki. Suka wuni kankarar bango da wuƙa har hannunta ya yi ƙulu-ƙulu. Kashegari da rana tsaka, lokacin da mata ke zaune a ƙofar gida, ta ɗora kwando a ka ta bi bayan Iya ta tsakiyar ƙauye zuwa gaɓar kogi. Masu baki suka yi abin da suka iya.

"A'a, likita ce yau da kwandon ƙasa?"

"Ni ce," in ji Kausar. "Koyo nake."

Kunya ta ji, ba ƙarama ba. Amma wannan kunyar tana da sauƙin ɗauka a kan waccan.

Da haɗi ya kwana uku, ta cika ƙaramin bokiti ta ɗaure bakinsa da leda, ta rungume shi a hafila har Sinnar. Ba ta gaya wa Mujtaba ba. Ta yi sallama a gidansu da hantsi, ta sami Hajja Rukayya a rumfa tana tsince wake. Ta ajiye bokitin, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Khala, na zo gyara amsar da na ba ki. Kin tambayi wanda ya shafe ɗakinmu. Mahaifiyata ce, Sabah mai yaɓe. Ba buhya ba ce, ƙasar kogi ce da farar ƙasa da ƙaro. Ƙarya na yi miki a gabanta. Ban zo roƙon a fasa dakatarwa ba, na zo ne kada ki ci gaba da riƙe ƙaryata a matsayin amsa."

Hajja ta jawo bokitin ta kwance ledar, ta tsoma yatsa biyu ta murza.

"Ƙaron ya ɗan yi yawa."

Kausar ta ɗago kai.

"Ke kika haɗa, ko? Hannun sabo ne. In ya yi yawa yana sheƙi, ba a son sheƙi." Hajja ta goge yatsun a gefen tire. Da ta sake magana Larabcin ya fita daga bakinta, Hausar ƙauye ta dawo. "Kin san yadda anka yi nas san wannan? Innata mai yaɓe ce, can Mai Wurno. Da anka kawo ni gidan ga amarya, nac ce ma dangin miji ɗinki take yi. In ta zo ganina sai in ba ta sabulu tun daga ƙohwa. Ta gane, sai ta rage zuwa. Sannan ta daina. Ta roƙe ni sau guda in bari ta shahe mani ɗakin haihuwar Mujtaba, nac ce an riga an yi buhya."

Hawaye na bin gefen hancinta ba ta share ba.

"Ta rasu Mujtaba na rarrahe. Shekara talatin ke nan, kuma 'ya'yana har yau ɗinki sunka sani. Ran da nis shiga ɗakinku naj ji ƙamshin nan, sai da gabana yaf faɗi. Kina buɗe baki naj ji muryata. Ba ke nit tsana ba, ɗiyata, kaina nig gani, kuma ban so ɗana ya auri irina."

"Khala..."

"Ke kin dawo uwarki na da rai. Ni ban samu wannan ba." Ta miƙe ta leƙa cikin gida. "A kira mani Mujtaba a shago, ya zo yanzu. Akwai abin da zan gaya mashi a kan kakarshi."

Ba a ɗaura aure a gurguje ba, sai bayan girbin dawa. Mako guda kafin biki Iya Sabah ta zo Sinnar da bokitai uku, hannunta babu lalle. Hajja da kanta ta tare ta a ƙofa, ta karɓi bokiti ɗaya. Iya ta shiga ɗakin ango, ta tsaya gaban tabo goma sha ɗayan nan tana duba su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen akuya.

"Na tara ya kusa," ta ce. "Kana da ido, ɗana. Amma sai ka kankare su duka, nawa ba ya zama bisa buhya."

Mujtaba, gwanin haɗa launi na Sinnar, ya ce, "To, Iya," ya ɗauki wuƙa. Kausar dai ba ta nan, amarya ba ta zuwa gidan miji kafin a kai ta, amma ita ta haɗa bokiti na uku, kuma Iya ta ce wannan karon ƙaron ya yi daidai. Hajja ta naɗe hannun riga ta karɓi tsumma. Ashe hannu bai manta ba.

Ranar da aka kawo amarya, matan Sinnar suka cika ɗakin, kowa na shafa bango. Wata ƙawar dangi mai zoben zinariya a kowane yatsa ta matso kusa da Kausar.

"Ya salam, wannan khokhi ɗin fa? Wane kamfani ne? Ba ni lambar."

Kausar ta ɗaga mayafi kaɗan. Ta hango Iya a lungu kusa da ƙofa, ta saba zama inda ba a ganinta, hannuwanta a cikin zane. Kausar ta miƙe, duk da an ce amarya ba ta tashi, ta ratsa mata ta kamo hannun nan ta fito da shi fili, da tsagarsa da jan da ke ciki.

"Ba shi da lamba," ta ce. "Ga kamfanin nan. Mahaifiyata ce."

Iya ta yi ƙoƙarin janye hannun don kunya, Kausar ba ta saki ba.

'Yan mata da samari, ku ji da kyau. Talauci ba abin kunya ba ne, sana'ar halal ma haka, ko da warinta ya kai ina. Abin kunya shi ne ka ɓoye hannun da ya ciyar da kai don ka burge wanda bai san wahalarka ba. Iya Sabah ta yi haƙuri, ba ta zagi ɗiyarta ba, ba ta tona ta ba, Allah kuwa ya fito da hannunta a gaban taro. Wanda uwarsa ke raye kuma ya san ya taɓa jin kunyarta, ya koma yau ya gyara, domin Hajja Rukayya ta so komawa ta tarar babu kowa a ɗakin.